Sabbin magungunan sikila: wanne ya tabbata, wanne ake kan gwaji, wanne aka janye

Watannin baya ƙanwata ta kira ni da daddare daga Agege, muryarta na rawa. Wai an turo saƙo a guruf ɗinsu na WhatsApp na matan unguwa cewa Turawa sun gano maganin sikila, allura ɗaya an rabu da ciwon har abada. Ɗanta na biyu, mai shekara bakwai, SS ne, kuma a daminar da ta wuce kaɗai sau uku ana ba shi gado. Ta ce, "Yaya, don Allah ka bincika min. In gaskiya ne, ko sarƙata da filin da Baba ya bar min sai in sayar." A makon ne kuma wata likita a asibitin da suke zuwa ta yi musu tayin sa yaron cikin wani bincike, maigidanta ya ce ko alama, shi bai manta abin da ya faru a Kano ba.

To kun ga gida ɗaya, uwa tana shirin sayar da gadonta kan maganar da ba ta tantance ba, uba kuma ya rufe ƙofa tun kafin ya ji bayani. Ni ba likita ba ne, amma na zauna na bi diddigin lamarin, kuma na ga ya kamata in tattara abin da na samu wuri guda, don na san gidaje da yawa daga Sabo Ibadan zuwa Mile 12, daga Shagamu zuwa Anaca da Fatakwal, suna cikin irin wannan hali.

Ciwon a taƙaice

Sikila, ko amosanin jini, gado ne. Sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, wato himogulobin, shi ne ke da tangarɗa. Idan iska ta yi ƙaranci sai ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashi ke tasowa. Lafiyayyar ƙwayar jini na yin kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jini ba ya isa, ido ya yi ta yin ɗorawa.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan ciwo. Alƙaluman da hukumomin lafiya suka saba bayarwa sun ce ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS. Kowane ciki lissafinsa daban, don haka ana iya jera SS uku, ana iya haifar biyar babu ko ɗaya. Mu da ke zaune a kudu akwai ƙarin abin lura: nau'in AC ya fi yawa a ƙasar Yarbawa da Ghana, kuma AS da AC na iya haifar SC, wanda shi ma sikila ne.

Hanyar da magani ke bi kafin ya iso kemis

Sai an fahimci wannan kafin a gane sauran. Bayan an gama gwaji a ɗakin bincike da kan dabbobi, magani na bin matakai a jikin mutane. A mataki na ɗaya ana ba mutane 'yan ƙalilan don a ga ko yana cutarwa, da kuma adadin da jiki ke iya ɗauka. A na biyu ana ba marasa lafiya gommai ko ɗaruruwa don a ga ko akwai alamar yana aiki. Na uku shi ne babban alƙali: a tara mutane da yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, wasu su sha sabon maganin, wasu su sha wanda aka saba ko wata ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta. Sau da yawa likitan ma bai san wa ke shan wanne ba, don kada zato ya shiga lissafi. Na huɗu kuma shi ne ci gaba da sa ido bayan magani ya shiga kasuwa.

Akasarin magungunan da ke shiga mataki na ɗaya ba sa kaiwa ƙarshe. Saboda haka in ka ji an ce "an gano magani", tambaya ta farko ita ce: a wane mataki yake?

Wanda ya tabbata, kuma akwai shi a nan

Sunansa hydroxyurea, haka za ka gan shi a jikin kwali. Asalinsa maganin wasu nau'o'in ciwon daji ne, shi ya sa iyaye ke firgita idan suka karanta takardar da ke ciki. Aikinsa a sikila daban ne. Jariri na zuwa duniya da wani nau'in himogulobin na cikin ciki wanda ba ya lanƙwashewa, shi ya sa ciwon ba ya cika nunawa sai wajen wata shida, lokacin da wannan nau'in ya ragu. Hydroxyurea na sa jiki ya ƙara samar da shi. Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila a 1998.

An daɗe ana shakkar ba yaran Afirka, ana tsoron ko zai raunana su a inda zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci suka yi yawa. Binciken da ake kira REACH ya amsa wannan. An bi yara wajen 600 a Angola, Kwango, Kenya da Uganda, aka fitar da sakamako a 2019: tashin ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mace-mace sun ragu, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu da kusan rabi.

Na biyun a gidanmu aka yi shi. Shanyewar ɓarin jiki na daga cikin mafi munin abin da sikila ke jawo wa yara. Idan babu rigakafi, wajen ɗaya cikin goma na masu SS na gamuwa da ita kafin shekara 20. Akwai wani hoto da ake kira TCD, ana ɗora na'ura a gefen kan yaro a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, babu allura babu zafi, kuma yana nuna yaron da ke cikin haɗari. Ana so a yi wa yaro duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. A Amurka tun 1998 aka nuna cewa ƙarin jini duk wata na rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin ɗari, amma wa zai iya samun jini mai tsabta duk wata a nan? Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da takwarorinsu na Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka yi binciken SPRING a kan yara 220 da hotonsu ya nuna haɗari. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ko ƙaramin adadi na hydroxyurea a kullum ya rage shanyewar jiki sosai, kuma waɗanda suka sha adadi matsakaici sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Amma fa ba maganin da za ka saya a kemis ka fara ba yaro da kanka ba ne. Da nauyin yaro ake auna shi, kuma dole a riƙa gwajin jini lokaci-lokaci don yana iya rage wasu ƙwayoyin jini fiye da kima. Mai ciki ko mai shirin ɗaukar ciki, da namijin da ke neman haihuwa, su tattauna da likita tukuna. Ba ya warkarwa, sauƙi yake kawowa, kuma sai an yi watanni ana sha kafin a ga bambanci.

Waɗanda suka fito suka koma

A watan Nuwamba na 2019 Amurka ta amince da sabbin magunguna biyu, aka yi ta murna. Na farko Adakveo na kamfanin Novartis, ruwa ne da ake sawa ta jijiya duk wata don hana ƙwayoyin jini mannewa a jikin jijiya. Da aka kammala babban gwaji na mataki na uku, sai aka ga bai rage tashin ciwo fiye da ruwan da babu magani a cikinsa ba, Tarayyar Turai ta soke izininsa a 2023.

Na biyu Oxbryta, ƙwaya ce da ke ƙara yawan jini. A watan Satumba na 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwannin duniya baki ɗaya, ya dakatar da gwaje-gwajensa, waɗanda wasunsu a Afirka ake yi, bayan bayanai sun nuna tashin ciwo da mace-mace sun fi yawa a ɓangaren masu shan sa. Duk wanda ya zo maka da Oxbryta yau yana cewa daga waje aka kawo, ka guje shi.

Darasin a nan biyu ne. Sabo ba lallai ya fi tsoho ba. Sannan da ba a ci gaba da bincike da ƙirge ba, da har yanzu ana sayar wa mutane Oxbryta da tsada.

Dashen ɓargo

Wannan yana warkarwa, kuma tun 1984 aka san haka. A ɓargo ake ƙera jini, don haka ana kashe ɓargon mara lafiya da magunguna masu ƙarfi, a zuba masa na wani lafiyayye. Ya fi yin kyau ga yara, da kuma idan mai bayarwa ɗan uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya wanda jikinsu ya dace. Kowane ɗan uwa yana da kaso ɗaya cikin huɗu na dacewa, don haka da yawa ba sa samu. Shi ya sa ake ta bincike a kan dashe daga wanda ya dace rabi, kamar uwa ko uba, kuma sakamakon 'yan shekarun nan na da ƙarfafa gwiwa.

A Najeriya an fara yin sa ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A 2024 kuma asibitin LUTH da ke Idi-Araba, tare da gidauniyar Sickle Cell Foundation Nigeria wadda cibiyarta ke daura da asibitin, sun yi dashensu na farko. 'Yan uwanmu na Idi-Araba, abin nan a bakin ƙofarku yake. Sai dai kuɗinsa miliyoyi ne masu yawa, kuma akwai haɗari na gaske: jiki na iya ƙin sabon ɓargon, sabon ɓargon na iya far wa jiki, ana iya rasa haihuwa, ana iya rasa rai. Shi ya sa likitoci ke ware shi ga wanda ciwonsa ya yi tsanani.

Maganin da ake yaɗawa a WhatsApp

Saƙon da ƙanwata ta gani yana da ƙamshin gaskiya. Akwai magani mai suna Casgevy, Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka ta bi a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiyan kansa, a kai ɗakin bincike, a yi musu gyara da fasahar CRISPR, wadda ke aiki kamar almakashi a kan ƙwayoyin gado. Abin da ake yankewa shi ne makunnin da ke kashe himogulobin ɗin jarirai bayan haihuwa, sai jiki ya koma ƙera shi da yawa. Matan nan biyu da suka gano fasahar, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, sun samu kyautar Nobel a 2020. A gwajin da aka dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwo ba.

Ga abin da saƙon bai faɗa ba. Ba allura ɗaya ba ce, aiki ne na watanni. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an kashe tsohon ɓargo da magani irin na masu ciwon daji, wanda ke zubar da gashi, ya sa gyambon baki, kuma yana iya hana haihuwa. Mutum zai yi makonni a keɓe a asibiti. An amince da shi ne tun farko ga 'yan shekara 12 zuwa sama masu ciwo mai tsanani. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2, wajen naira biliyan uku ke nan, ban da kuɗin asibiti. Kuma tunda a 2019 aka yi wa mutum na farko, ana kan bin waɗanda aka yi wa don a ga yadda za su kasance nan da shekaru masu yawa.

Don haka duk wanda ya ce maka kawo miliyan biyu ko biyar zai samo maka wannan magani, ɗan damfara ne, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ake kan gwadawa

Akwai ƙwayoyi biyu na sha, mitapivat da etavopivat, da suka kai mataki na uku. Suna ƙara wa jajayen ƙwayoyin jini ƙarfi don su daɗe ba su fashe ba. Abin da ake son tabbatarwa shi ne ko bayan ƙara jini suna rage tashin ciwo, don labarin Oxbryta ya koya wa kowa cewa ƙarin jini a takardar gwaji kaɗai bai isa hujja ba.

Masu SC an daɗe ana barin su a baya a bincike. A Ghana an gwada musu hydroxyurea a binciken PIVOT, aka ga alamar tashin ciwo ya ragu, kodayake ƙwayoyin jinin wasu sun yi ƙasa, don haka ana buƙatar gwaji mafi girma.

Masu gyaran ƙwayoyin gado kuma burinsu shi ne a kai ga yin gyaran a cikin jiki kai tsaye, ba tare da kashe ɓargo ba. A 2019 Gidauniyar Gates da hukumar binciken lafiya ta Amurka suka yi alƙawarin dala miliyan 100 kowannensu don neman irin wannan hanya mai araha ga sikila da ƙanjamau, da Afirka a ransu. Wannan da sauran tafiya.

Na gargajiya ma an taɓa shi. Cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa Niprisan daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro, kanumfari da karan dafi. Ƙaramin gwajin da aka buga a 2001 ya nuna raguwar tashin ciwo, amma mutanen ba su da yawa. Kada wani ya ji haka ya haɗa kayan yaji a gida ya ɗura wa yaro, ba abu ɗaya ba ne.

Maganar Kano, da haƙƙinka a yau

Tsoron mijin ƙanwata yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubbai, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara 200 ne, rabi aka ba su Trovan, rabi wani magani da aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Masu nazari da yawa na ganin wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙi allurar shan inna a 2003.

Bayan haka an ɗaure lamarin. Tun 2007 akwai kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa a ƙarƙashin kwamitin NHREC, kowane bincike sai kwamitin ɗa'a ya amince da shi, gwajin magani kuma sai da izinin NAFDAC. Doka a takarda ba ta kare kowa sai ya san ta. Idan aka yi maka tayi, ga abin da za ka tambaya:

1. Magani za a gwada, ko bayanai da jini kawai za a ɗauka? In magani ne, a wane mataki yake?
2. Wane kwamiti ya amince? A nuna maka takardar, da lambar rajistar binciken.
3. Akwai yiwuwar ɗanka ya faɗa rukunin ƙwayar da babu magani? Zai ci gaba da shan magungunansa na yau da kullum?
4. Waɗanne illoli aka riga aka gani?
5. In wani abu ya same shi, wa zai biya kuɗin jinya, kuma wa za ka kira da tsakar dare?
6. In maganin ya yi aiki, zai ci gaba da samu bayan an gama?
7. Jinin da aka ɗauka ina za a kai shi, me za a yi da shi?

Haƙƙinka ne a yi maka bayani da harshen da kake ji. A asibitocin kudu da Turanci ko Yarbanci ko Ibo ake magana, kuma da yawa daga cikinmu kunya ke sa mu gyaɗa kai alhali ba mu gane ba. Ka nemi tafinta, ko ka je da wanda ka yarda da shi. Kada ka sa hannu ko ka dangwala a ranar, ka karɓi kwafi ka tafi gida ku yi shawara. Yaro mai wayo shi ma a ji ta bakinsa. Kana iya ƙi, kana iya fita a tsakiya, kuma babu mai ikon hana ɗanka kulawa saboda haka. Bincike na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannunka don a sa ka, kuma ba ya yi maka alƙawarin warkewa.

Mu kuma tuna, iyayen yaran nan 220 na Kano da Kaduna da suka ji bayani suka amince, su ne silar da yau likita zai iya kare yaro daga shanyewar jiki da ƙwaya mai sauƙin kuɗi.

Inda muka tsaya a gidanmu

Ƙanwata ba ta sayar da filin ba. Na raka su wajen likitar da tambayoyin nan a rubuce, ashe binciken ma na bin diddigi ne, ba sabon magani za a ba shi ba. Maigidan ya karɓi takardar ya ce zai yi tunani, kuma wannan haƙƙinsa ne. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a wannan zaman muka gano yaron bai taɓa yin hoton TCD ba, shekara bakwai. Yanzu an yi masa, an kuma fara ba shi hydroxyurea, ana gwada jininsa a kan lokaci.

Kafin a jira abin da ke ɗakin bincike, a riƙe wanda ke hannu: gwajin jini kafin a sa rana, a asibitin da aka yarda da shi, gwada jariri da wuri, cikakken rigakafi, maganin penisilin ga ƙananan yara idan likita ya rubuta, gidan sauro, ruwan sha isasshe, da garzayawa asibiti da zarar jiki ya yi zafi. Sarakunan Hausawa da limaman unguwanninmu, idan kuka sa baki a maganar gwaji kafin aure za a ji. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa iyayen da ke kwana a zaune.